Madugun Tenere a Lambun Nasara

In kun je garin Tur na ƙasar Faransa, kuka shiga cikin Hausawan da ke zaune can, kuka ce ina Alhaji Mato, za a ce muku wane Maton? Amma ku ce ina Madugu, ko jinjiri ya nuna muku ƙofarsa. Shi ya raɗa wa kansa sunan, shi ya yanka wa kansa ragon, sauran jama'a suka bi don a zauna lafiya.

Mutum ne dogo, ga tumbi, ga rawani kamar an naɗe tukunya. Baki kuwa Allah ya ba shi. In ya fara labarin Tenere, wato saharar nan da ke tsakanin Agadas da Bilma, sai ku ji ƙishirwa ta kama ku kuna zaune kusa da firji. Shi ne ya ja ayarin raƙumi dubu, ba ko ɗaya da ya yi ɗingishi. Shi ne Buzaye, masu ƙasar da kansu, suke zuwa su durƙusa su ce, "Madugu, ina gabas?" Tauraro ma ba ya dubawa, wai wannan aikin 'yan koyo ne. Shi ƙasa yake ɗiba ya sa a harshe, ya lumshe ido, ya ce, "Rijiya na hannun dama, kuma guganta ya tsufa."

Ni Hajiya Cima ce, ta kasuwar Damagaram. Gishirin Bilma nake sayarwa da dabino. Duk wanda ya taɓa ciniki da ni ya san ba a tashi daga rumfata da dariya, sai dai da kaya mai kyau. Abin da ya kai ni Faransa, autata Sahura ce ta haihu. Can take aure, mijinta Laminu yana aikin asibiti. Na je in yi mata wankan jego da hannuna, don ban yarda 'yata ta yi jego da ruwan famfo mai ɗumi-ɗumi da busasshen burodi ba.

A wurin suna Alhaji Mato ya fara ganina. Washegari sai ga shi da goro. Aka kwana, sai ga shi da turare. Daga nan ya daina zuwa da komai sai cikinsa, don ya gane lokacin da nake sauke tuwo. Ya zauna a falo, ya baje riga, ya ci, ya sha, ya yi gyatsa, ya shiga Tenere.

Maganar kuwa ta shiga kunnena. Ba don rawaninsa ba. Tun da maigidana ya rasu, Allah ya ji ƙansa, dillalan Agadas suka ga mace ce, suka sa ni a tsakiya. Shi marigayi da kansa yake hawa har inda ake haƙo gishirin, ya zaɓa da idonsa. Ni kuwa sai abin da aka kawo mini, a yadda aka ga dama. To ga mutum, matarsa ta daɗe da rasuwa, ya gaji da sanyi, yana son komawa gida, kuma wai ya san hanyar Bilma kamar yunwar cikinsa. In gaskiya ne, ai na samu miji na samu madugu a ciniki ɗaya.

Sahura ta ce, "Inna, Baba Alhaji fa baki ne da shi."

Na ce, "Na ji bakin. Ƙafar nake son gani."

Na gwada shi da tambaya. Na ce mene ne bambancin beza, gishirin miya, da kantu na dabbobi? Ya faɗa daidai. Na ce jero mini rijiyoyin hanya. Ya jero su tiryan-tiryan, har da wadda ruwanta ke sa zawo. Na ce a raina, to, ko dai ya je, ko dai kunnensa ya je.

Ran nan ya fito fili. Ya ce, "Hajiya, ni fa da aure na zo."

Na ce, "Na ji, Alhaji."

"To me kika ce?"

"Ban ce ba tukuna. Ni ko dabino sai na ɓare na ga cikinsa."

Ya yi dariya har tumbi na rawa. "Ɓare, Hajiya, ɓare! Zuma za ki tarar."

Na ce kafin in hau jirgi zai ji amsa.

Da aka gama wanka, Laminu ya ce bai kamata in koma gida ban ga komai ba sai tukunyar ruwan zafi. Ya ce a bakin kogin nan nasu, Luwar, akwai gidajen sarakunan da, jere reras, mutane daga ko'ina suna zuwa kallo. Su shato suke ce musu. Ta bakin Sahura ya faɗa, don yaron akwai kunya. Tun da na zo bai taɓa haɗa ido da ni ba. In na shigo falo sai ya miƙe ya tuna da wani aiki a ɗaki.

Alhaji Mato na jin haka ya buga cinya. "Shato? Ai ni zan kai ku! Akwai shaton da ban taka ba a bakin kogin nan? Masu gadin ma da suna suke kirana."

Ranar tafiya ya zo cikin babbar riga fara ƙal, aiki har ciki, sitaci na ƙara ƙwaras-ƙwaras, da sabon rawani, da takalmi mai tsini. Ya shige gaban motar Laminu. Ni da Sahura da jaririya muna baya. Laminu ya kunna wayar nan da mace take magana a ciki tana faɗin hanya.

Alhaji ya ce, "Kashe matar nan!"

"Baba Alhaji, hanya take nuna mana."

"Ina cikin motar? Ni? Kashe ta, yaro. Madugu ba ya bin mace, ko ta waya ce."

Laminu ya kashe muryar, amma na ga ya ajiye wayar a cinyarsa ta wajen ƙofa yana satar kallo. Sai ya kunna sigina, ƙyat-ƙyat-ƙyat, sannan Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Yawwa, yi hagu nan." A sake kunna sigina, "Dama, dama, kada ka wuce!" Na lura. 'Yar kasuwa ba ta rasa lura. Amma na ce kwalta daban, rairayi daban, kada in zalunci bawan Allah.

Gidan farko, wallahi sai da na riƙe baki. A kan ruwa aka gina shi, ƙafafunsa tsundum cikin kogi, kamar saniya ta shiga tafki shan ruwa. Dutse fari tas. Hasumiya nan, hasumiya can, kowace da hularta mai tsini. A bakin ƙofa na tuɓe takalmi, don ni an yi mini tarbiyya, ba a shiga fada da takalmi.

Sahura ta ce, "Inna, mayar, ba kowa a ciki."

"Sarkin fa?"

"Ya mutu tun tuni."

"Ba a naɗa wani ba?"

"Sun daina."

Na yi sallama duk da haka. Ba amsa, sai muryata ta dawo mini. Gida kamar unguwa guda, ba dogari, ba hayaƙin girki, ba kukan yaro, ko kaza babu. A madafa tukwanen jan ƙarfe ne rataye suna walƙiya, ba wadda ta ga miya tun zamanin kakanni. Amma ga mutane a layi suna biya don su ga gadon da ba a kwana a kai, da kujerar da aka tare da igiya kada a zauna. Na ce lallai Nasara ya iya kasuwa: ya sayar maka da kallo, kayansa na nan inda suke. Na nemi a yi mana ragi, tunda daga nesa muka zo kuma da goyo. Sahura ta ja mini mayafi ta ce a nan ba a tayi. Ƙasar da ba a tayi, ina daɗinta?

Shi kuwa Alhaji baki ya buɗe. Murhun da ke cikin bango, wanda mutum zai shiga a tsaye: "Wannan? A Fashi, can tsakiyar Tenere, na gasa raƙumi sukutum a wanda ya fi shi." Hotunan sarakunan da suka cika bango, maza da gashi har kafaɗa da safa har cinya: "Dubi ƙafafu kamar na zalɓe. Wannan ya yi yini ɗaya a Tenere, sai gawa." Masu gadin da ya ce da suna suke kiransa, ya ɗaga musu hannu yana washe baki, suka ce ya matsa daga jikin igiya. Ya juyo ya ce mana, "Wasa muke da su. Mun saba."

Da azahar muka shimfiɗa tabarma a bakin kogi, muka yi salla, na buɗe kwanon kaza da dambu. Alhaji ya naɗe hannun riga. Ya ce a Tenere dabino ɗaya yake yini da shi, ruwa kuwa sai dai ya jiƙa leɓe. Yana faɗa yana riƙe da cinya a dama, ƙirji a hagu. Ni da na soya kazar, wuya na samu.

Gida na biyu bai kai na farko girma ba, amma lambunsa! An aske itatuwa sumul kamar an kira wanzami. Can ƙarshen lambun akwai wani abu da ban taɓa gani ba. Shinge ne na ɗanyen ganye, ya fi mutum tsawo, an shuka shi layi-layi, lungu cikin lungu. Hanya ta shiga nan ta ɓulle can, wata ta ja ka ta ja ka ta tsaya cik. Laminu ya gaya wa Sahura, Sahura ta gaya mini, wai masu gidan ne suka yi shi don wasa: a shiga a ɓace, a yi ta nema har a kai tsakiya. A tsakiyar akwai wata doguwar rumfa, ganye ya lulluɓe ta ruf, daga waje kanta kawai ake hangowa.

Na ce, "Wato mutum ya ƙoshi har ya shuka ɓata da hannunsa."

Alhaji Mato ya dubi shingen ya ja tsaki. "Wannan ne ake ɓacewa a ciki? Wannan ɗan garken awakin? Ni da na ratsa inda ba itace, ba dutse, ba inuwa, sai Allah sai rairayi!"

Ƙofa biyu ce. Ɗaya ta shiga wasan. Ɗaya 'yar ƙarama a gefe, mai miƙaƙƙiyar hanya har tsakiya, an yi ta don tsofaffi da masu goyo. Ni gwiwata ta fara magana tun matakalar gidan farko. Na ce ta nan za mu bi.

"Ku bi, ku bi," in ji Alhaji. "Ta mata ce. Ni ta maza zan shiga. Kuma ku ji da kyau, kafin ku kai kun tarar da ni zaune ina cin goro. Hajiya, yau za ki ɓare dabinonki."

Ya tattara riga, ya saɓa hannuwanta a kafaɗa, ya shige fuu kamar ango.

Muka bi tamu. Nan da nan mun kai. Ashe rumfar bene ce, da matakalar katako a ciki. Laminu ya hau ya leƙa, ya sauko da sauri ya yi wa Sahura raɗa. Sahura ta ce, "Inna, daure ki hau. Akwai benci, akwai iska." Na daure na hau, ina hawa ina faɗa da gwiwa.

Jama'a! Daga sama duk abin a fili yake, kamar an ajiye faifai a gabanka. Kowane lungu, kowane mutum. Mu muna ganin kowa ta tsakanin ganye, ba mai ganinmu. Ga Nasaru nan suna yawo suna dariya. Ga kuma farin rawani can, yana tafe gadan-gadan.

Na zauna. Na kwance goro. Na ce, "To, bismilla."

Da farko tafiyar ta manya ce. Ya yi dama, ya yi hagu, ya yi dama. Sai shinge, cik. Ya tsaya. Ya juyo a hankali, kamar dama abin da ya zo dubawa ke nan. Ya koma ya ɗauki wata. Cik. Ya ɗauki wata, ya yi tafiya mai tsawo, har na ce a raina kai, ko dai mutumin nan da gaske yake? Sai ga shi ya ɓullo daidai ƙofar da ya shiga. Ya dubi ƙofar. Ƙofar ta dube shi. Ya waiga ko wani ya gani, ya sake shigewa wuf.

Sahura ta fara ƙyaƙyatawa, jaririya na rawa a bayanta. Laminu kuwa, bawan Allah, ba dama ya yi dariya gaban surukarsa. Ya juya mana baya ya kama katako, kafaɗunsa kawai ke motsi.

Sai Alhaji ya durƙusa.

Na ce, "Sahura, salla zai yi?"

Ina! Ƙasa ya ɗiba. Ya dube ta, ya sansana, ya lumshe ido, ya sa a harshe. Ashe ya faɗi abin ya faɗa har shi ma ya yarda da shi. To ƙasar lambun Nasara ba rairayin Allah ba ce, taki ne zalla, kashin doki da ruɓaɓɓen ganye. Muka ga ya zabura kamar kunama ta harbe shi. Tuf! Tuf! Ya goge harshe da hannun rigar nan fara.

Laminu ya ce, "Hik!" Ya mayar da shi tari.

Na ce, "Sahura, ba mijinki ruwa, ya sarƙe."

Sannan dabara ta zo wa Madugu. Ya warware bakin rawani, ya sa haƙori, ƙeeet! Ya yage ƙyalle ya ɗaura a reshe, wai shaida, kada ya sake bin inda ya bi. Ya yi gaba, ƙeeet, ya ɗaura. Ya yi gaba, ƙeeet. Dabarar ba laifi, na yaba. Abin da ya ɓata ta, duk inda ya juya sai ya tarar da ƙyallensa yana jiransa. Ya shiga nan, ƙyalle. Ya fita can, ƙyalle. Lambun mutane ya koma kamar an yi shanyar tsummokaran jariri. Rawani kuwa sai ramewa yake, har hular ciki ta fito tana kallon sama.

Rana ta buɗe. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Tafiyar manya ta ƙare, an koma sassarfa, daga sassarfa sai gudu-gudu, riga na kama iska. Ya yi tsalle don ya leƙa ta saman shinge, tumbi ya ce bai san zancen ba.

Can sai ga wata tsohuwar Baturiya, 'yar firit, gashi fari fat, da laima a naɗe tana dogarawa. Tafiya take a natse, kamar mai zuwa gidan maƙwabta. Alhaji ya gan ta. Ya tsaya ya yi kamar yana duban ganye har ta wuce. Sai ya bi bayanta, saɗaf-saɗaf. Ta yi dama, ya yi dama. Ta tsaya, ya tsaya ya kama reshe yana jujjuyawa kamar mai neman magani. Ta ci gaba, ya ci gaba.

Na ce, "Sahura, wa ya ce a kashe matar waya ɗazu?"

"Inna, don Allah ki bari, cikina!"

Tsohuwa dai ba a banza ta tsufa ba. Ta ji ana bin ta. Ta ƙara sauri, ya ƙara. Ta sha kwana, ya sha, sai kiciɓis! Lungun ba ya ɓullewa, ashe ita ma ɓata ta yi. Ta juyo, ga ƙato ya tare mata hanya, ido ja, baki da taki, rawani a yage. Ba ta tambaye shi daga ina ba. Laima ta ɗaga. Fau! A goshi. Fau! A tumbi. Tana yi tana ƙwala ihu da yarensu. Muna jiyo Alhaji, "Fardon, madam! Fardon, madam!" Ya juya ya zuba a guje, tsohuwa na biye da shi tana ƙara masa a gadon baya.

Nan Laminu ya zauna daɓas a kan katako ya cusa hularsa a baki, hawaye shaɓe-shaɓe. Na kawar da kai don in rufa masa asiri.

Gudun nan ne ya kawo Alhaji gab da mu. Shinge ɗaya tak ya rage tsakaninsa da rumfa. Yana ganinta, ba hanya. Ya dubi dama, ya dubi hagu. Ya ɗaga kai sama, na ce shi ke nan ya gan mu. Ina, ganye ya rufe. Sai ya hango wata 'yar kafa a gindin shingen. Ya kwanta rub da ciki. Ya cusa kai, kai ya wuce. Kafaɗa ta wuce da ƙyar. Tumbi ya ce nan zan kwana. Ya yi gaba, ya ƙi. Ya yi baya, ya ƙi. Ƙafafu na harbin iska ta can, kai na nishi ta nan, daidai ƙarƙashin bencinmu.

Muna jin sa yana magana da kansa. "Wayyo Allah, wayyo inna! Wa ya aike ni? Ni da ko Tanut ban taɓa wucewa ba!"

Tanut kuwa, ga wanda bai sani ba, nan ne gaba da Damagaram. Wanda ya tsaya Tanut, tafiyar Bilma ko takalminta bai sa ba. Ashe a zangon garinmu ya yi Tenerensa, zaune kusa da masu shayi, da kunne.

A nan ban yi dariya ba. Na tauna gorona a hankali. Na riga na fara hango kantu masu kyau suna sauka a ƙofar rumfata, dillalan Agadas suna cizon yatsa. Duk suka tashi kamar hayaƙi, suka bar ni da ƙafafu biyu suna harbin iska.

Ya yunƙura da ƙarfin tsiya. Ɓaarr! Riga ta rabu daga wuya har ƙasa, ya faɗo ciki tim. Takalmi ɗaya ya ce shi ya zauna can. Ya miƙe ya kakkaɓe. Ya naɗa ɗan abin da ya rage na rawani, bai kai ya zagaye kai ba, ya soke shi haka nan. Ya jawo rigar ya rufe yagar. Ya jefa goro a baki. Ya gyara murya.

"Salamu alaikum! Ina mutanen?"

Na ce wa Sahura da mijinta kowa ya gyara fuska. Na matsa bakin matakala na leƙa. "Muna nan sama, Alhaji. Sannu da zuwa. Ka daɗe."

"Daɗewa? Ni? Hajiya, ai zuwana na biyu ke nan! Tun kuna ƙofa na iso. Na zauna, na ci goro, na ji shiru. Na ce kai, mata da jariri, kada su ɓace. Shi ne na koma nemanku."

"Allah sarki. A miƙaƙƙiyar hanya?"

"Mace ai ko a miƙaƙƙiya sai ta ɓata."

"Haka ne. Rawaninka fa?"

"Sadaka na yi da shi. Na ga bayin Allah Nasaru suna ta wahala, na sa musu shaida a hanya, yadda muke yi a Tenere. Yanzu ko makaho ya shiga ya fita."

"Allah ya ba da lada. Na ga kamar goshinka ya tasa."

"Wata tsohuwa ce, baiwar Allah, na tsinta tana kuka. Na fitar da ita. Don murna ta rungume ni, laimarta ta ɗan taɓa ni. Har cewa take in ba ta lambar wayata. Na ce a'a, madam, ni na riga na yi kamu." Ya kashe mini ido.

"Takalmin fa, ita ka ba?"

Ya dubi ƙafarsa. "Madugu na gaske da tafin ƙafa yake jin hanya."

A bayana na ji wani sauti kamar an taka ɗan akuya. Laminu ne.

Na ce, "Alhaji, ka sha aiki. Hau ka sha iska."

Ya hau, ɗingis-ɗingis da takalmi ɗaya, yana murmushi. Ya iso. Na matsa masa wuri a bakin katako, daidai inda nake zaune tun ɗazu. Na ce, "Dubi ikon Allah."

Ya duba.

Ga lambu a shimfiɗe. Ga ƙyallayen rawani fari-fari, duk sun taru a kusurwa ɗaya, wurin bai fi tsakar gida ba, nan ya yi ta zagaye. Ga tsohuwa can ta samu mai gadi tana gwada masa da laima yadda aka yi. Ga takalmi mai tsini kwance a gindin shinge. Ga ramin da tumbi ya buɗa, da guntun riga na reto a reshe.

Murmushin ya bushe a inda yake. Goron bakinsa ya ƙi taunuwa, ya ƙi haɗiyuwa.

Can ya ce, "Hajiya... tun yaushe kuke nan sama?"

"Ba mu daɗe ba. Tun kafin ka ci taki."

Ya goge baki da hannun riga.

"Ana... ana jin magana daga nan?"

"Ta nesa sama-sama. Ta gindin shinge kuwa, tar. Yaya mutanen Tanut?"

Nan kunya ta ƙare wa Laminu. Ya fashe. Yaron da bai taɓa ɗaga murya a gabana ba, ya kwanta a katako yana birgima yana cewa, "Inna, ki gafarce ni! Inna, ki gafarce ni!" Sahura ta riƙe ciki ta zame ƙasa. Jaririya ta farka ta kama nata kukan.

Wani in shi ne, ƙasa zai roƙa ta tsage ya shige. Amma Alhaji Mato ba irin wannan ba ne. Ya share gumi, ya matso, ya rage murya.

"To, Hajiya... maganarmu fa? Mutum ai ba a auna shi da lambu."

Ni kuma ba na korar mai ciniki daga rumfata. Sai in yanka masa yadda kayan suke, in ya iya ya ɗauka. Na ce, "Alhaji, ka yi gaskiya. To ga magana ta ƙarshe. Bilma na yafe maka. Agadas ma na yafe. Ga ƙofar da ka shigo can, kana ganinta. Sauka ka koma ta inda ka zo, kai kaɗai, ba rarrafe, ba bin tsohuwa. In ka fita kafin magariba, a ɗaura aure ran Juma'a."

Sahura ta zaro ido. "Inna!"

"Yi mini shiru. Na faɗa, kuma Cima ba ta warware ciniki."

Alhaji ya dubi ƙofar. Ga ta nan kusa, jifa ɗaya. Ya ɗaga yatsa ya bi hanya a iska: nan, sai nan, sai nan... yatsa ya tsaya cik. Ya sake daga farko. Cik. Ya dubi tsohuwa, har yanzu tana ciki da laimarta. Ga mai gadi kuma ya fara kwance ƙyallaye yana waige-waige, yana neman mai su.

"Hajiya," ya ce, murya kamar ta wanda ya tashi daga ciwo, "in Laminu ya tsaya nan sama yana yi mini nuni da hannu... ya shiga cikin cinikin?"

Na miƙe, na gyara mayafi, na rataya jakata.

Na ce, "Albarka."